Littafin aikin shirya wasan dandali na bayan kaka a Samaru, Zariya

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

A zaman da muka yi yau bayan la'asar, ƙungiyarmu ta tsayar da shawarar gabatar da wasan dandali a Samaru ranar Asabar 20 ga Disamba, kuma an ɗora mini nauyin rubuta abin da aka yi da abin da aka kashe, domin waɗanda suka zuba kuɗinsu su riƙa sanin inda aka kwana. Shirin zai haɗa wasan kwaikwayo da rawa da barkwanci da kiɗan gargajiya a zama ɗaya. An zaɓi Disamba ne saboda a lokacin masara ta daɗe da shiga rumbu, dawa ma ta zo gida, mutanen Bomo da Shika da sauran ƙauyukan kewaye sun sami sarari, makarantu sun yi hutu, kuma babu fargabar ruwan sama. Ba mu ne muka ƙirƙiro wannan lissafi ba, domin tun asali bayan kaka ake yin kalankuwa da dambe da kokawa a ƙasar Hausa.

Mu goma sha huɗu ne, kuma karo-karon farko ya tashi naira 145,000, waɗanda aka damƙa wa ma'aji.

Laraba, 8 ga Oktoba

An shafe zaman yau ana muhawara a kan yadda za a gina wasan kwaikwayon. Wasu suna son a rubuta shi kalma da kalma kowa ya haddace, wasu kuma suna ganin a tsara labarin kawai a bar kowane ɗan wasa ya faɗi magana da bakinsa. Tsohon malamin makarantar da muke neman shawararsa ya tuna mana cewa a nan Samaru muna zaune ne kusa da inda aka daɗe da gwada hanya ta biyu. A shekarun 1970 malaman wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, ciki har da Michael Etherton, sun riƙa fita da ɗalibai zuwa ƙauyuka su saurari damuwar mutane, sannan su mayar da ita wasa da Hausa su nuna wa masu abin a dandalinsu, kamar Wasan Manoma da aka yi a Soba a 1977. Hatta gidan wasan jami'ar, wanda Steven Ehrlich ya zana, da ƙasa aka gina shi, ɗakuna suna kewaye da fili kamar gidan Bahaushe, domin kada a raba 'yan wasa da 'yan kallo da labule.

A ƙarshe an raba gardama. Za a rubuta ƙashin bayan labarin fitowa bayan fitowa, a rubuta jimlar da ke buɗe kowace fitowa da wadda ke rufe ta, abin da ke tsakani kuma a bar shi ya nuna a wajen gwaji. Ni kaina ina cikin masu son a rubuta komai, saboda na ga yadda wasan da ba shi da rubutu yake kumbura, kowa yana neman a yi masa dariya, amma na yarda cewa magana idan aka haddace ta daga takarda sai ta fito da ƙamshin aji.

Labarin da aka amince da shi a kan bashin ba-da-kaka ne. Manomi ya karɓi taki a hannun ɗan kasuwa da damina bisa alƙawarin zai biya da masara, kaka ta yi farashin masara ya faɗi, buhunan da aka yi zaton za su biya bashin suka kasa, dillali ya shiga tsakani yana ci ta kowane ɓangare. Babu wanda ya nemi a yi masa bayanin dalilin zaɓen wannan labari, domin bana duk wanda ya sayi taki da tsada yana kallon farashin hatsi yana sauka ya san zancen.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Mun sami ɗakin taro mai ɗaukar kimanin mutum 250 a kan naira 80,000, an ba da kafin alƙalami 30,000. An kai aikin fosta wajen mai ɗab'i a Sabon Gari a kan naira 12,000.

Asabar, 18 ga Oktoba

Gwajin farko ya nuna mana matsalar da za ta fi cin lokacinmu. Yawancin 'yan wasanmu matasa ne da suka saba da ɗaukar gajeren bidiyo a waya suna sakawa a TikTok da Facebook, kuma a can sun ƙware ƙwarai, amma duk ƙwarewar a fuska take. Ɗaga gira da murguɗa baki da magana ƙasa-ƙasa suna aiki idan kyamara tana gaban hancin mutum, amma wanda ke zaune a layi na goma ba zai ga komai ba, ba zai kuma ji komai ba. Sannan sun saba da cewa idan aka yi kuskure a tsaya a sake, don haka da wani ya manta maganarsa sai ya yi dariya ya juya yana neman mai ba da umarni, alhali a gaban jama'a babu wanda zai ce a sake. Wanda yake fitowa a matsayin dillali ya yi fitowa guda cur yana bai wa kujerun 'yan kallo ƙeya.

Malam ya kawo wani atisaye mai sauƙi. Ana tura mutum ɗaya can ƙarshen fili ya tsaya, duk sanda maganar ɗan wasa ba ta kai gare shi ba sai ya ɗaga hannu, ɗan wasan kuma ya maimaita ba tare da ya yi ihu ba. Bambancin ɗaga murya da yin ihu shi ne abin da ya fi yi musu wuya, domin da an ce su ɗaga sai kowace magana ta koma faɗa, har da gaisuwar miji da mata. Malam ya ce su nemi tsofaffin wasannin talabijin na su Kasimu Yero da Samanja su saurari yadda kowace kalma take fita a rarrabe, ba wai don su kwaikwaye su ba, sai don su ji inda ake numfashi.

Asabar, 25 ga Oktoba

Yau ni da sakatare muka je wajen makaɗan kalangu da za su yi wa masu rawar takkai kiɗa, kuma tattaunawar ta fi duk wadda muka yi zuwa yanzu koya mini abu. Shugabansu dattijo ne da ya gaji kiɗan, yana da yara uku a bayansa, mai ɗan karɓi da mai kuntuku da mai amshi. Bayan gaisuwa na ce masa, "Baba, minti ashirin muke so, ba ƙari." Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni su wane ne manyan da za su zo. Da na ce ba mu shirya a yi wa kowa kirari ba, sai ya bayyana mana a fili cewa abin da muke kira kuɗin aiki a wajensu kuɗin mota ne kawai, abincinsu yana wajen liƙi da kari. Makaɗi yana duban taro ne ya gano mai hali, ya nemi sunan kakansa da sana'ar gidansu, ya yi ta zuga shi har ya miƙe. Wannan ba ya yiwuwa a cikin minti ashirin, kuma ba ya yiwuwa idan an ce kowa ya zauna a kujerarsa har a tashi.

A nan tsarinmu na tikiti da agogo ya ci karo da tsarin da kiɗan ya rayu a kansa. Mu muna son wanda ya biya kuɗin shiga ya ga komai a kan lokaci, su kuma suna son lokaci ya bi taro. Akwai kuma batun doka, domin sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta liƙa naira da watsa ta da taka ta, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza wata shida ba ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba ko duka biyun, kuma tun 2024 aka ga an fara gurfanar da mutane a kan haka da gaske. Ba ma son taron da muka kira ya jawo wa kowa wannan.

Matsayar da aka cimma ita ce za a ba su naira 50,000, za a ajiye faifai a gaban dandamali wanda duk mai kyauta zai sa abinsa a ciki ba tare da an watsa ba, kuma duk abin da ya shiga faifan nasu ne su kaɗai. A cikin minti ashirin ɗin, biyar na ƙarshe nasu ne su wasa wanda suka ga dama. Baba ya amince, amma ya ce a ba shi sunayen manyan baƙi kwana uku kafin ranar. Ina ganin ya fi mu gaskiya a wannan ciniki, domin mun je ne muna son sautin kalangu ba tare da abin da ke sa kalangun magana ba.

Laraba, 29 ga Oktoba

An yi gwajin fitowa ta ɗaya da ta biyu. Fostoci sun fito, an manna wasu a Kwangila da bakin kasuwar Samaru. Masu takkai su takwas sun fara atisaye da sanduna ba tare da kiɗa ba.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Ɗakin taro ya kuɓuce mana. Mai kula da wurin ya kira ma'aji jiya da dare ya ce an sami masu biki da za su karɓi wurin kwana uku a jere, daga Juma'a zuwa Lahadi, kuma ba zai iya mayar da su ba saboda yini ɗaya namu. Da muka je yau da safe muka nuna masa rasit, bai musa ba, ya ce dai kafin alƙalami ba cikakken biya ba ne, kuma Disamba watan bukukuwa ne, kowa ya sani. Ya ba mu zaɓin mu koma ranar Talata, abin da ba zai yiwu ba ga 'yan kasuwa da ma'aikata. Ya mayar da naira 30,000 ɗin cif, amma kuɗin fosta 12,000 sun tafi, tunda sunan wurin yana jiki, kuma sai da aka tura yara suka bi suna ɓamɓare waɗanda aka manna domin kada a ɓatar da mutane.

An yi zaman gaggawa da yamma. Sauran ɗakunan da aka tambaya duk an kama su a wannan mako, wanda ya rage kuma kuɗinsa ya ninka abin da ke asusunmu. Malam ya ce tun farko bai ga dalilin kai wasan manoma cikin ɗaki mai silin da fanka ba. Maganar ba ta yi wa wasu daɗi ba a wannan yanayi, amma ita aka bi: za a nemi fili.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Mun je gaida mai unguwa tare da Malam, muka gabatar masa da buƙatar filin makarantar firamare ta unguwa, wadda take da katanga da ƙofa ɗaya, abin da zai ba mu damar karɓar tikiti. Malam ne ya yi magana, ya ce, "Ranka ya daɗe, yaranka ne suke son su nuna wa iyayensu wasa, mun zo neman albarkarka kafin mu nemi ta kowa." Mai unguwa ya yi tambayoyi a kan abin da wasan ya ƙunsa, da ko akwai siyasa a ciki, da ko maza da mata za su yi rawa tare. Da aka gamsar da shi ya ce zai yi magana da hedimasta da liman, amma da sharaɗi biyu: a fara bayan sallar la'asar a tashi kafin kiran magariba, kuma a ware wa mata wajen zamansu.

Sharaɗin farko ya sauya mana tsarin gaba ɗaya. A ƙarshen Disamba rana tana faɗuwa a Zariya jim kaɗan bayan ƙarfe shida, don haka idan muka fara ƙarfe 4:15 muka tashi 6:00, minti 105 ke nan a hannunmu, alhali a ɗakin taro mun tsara awa uku. Ribar da ke ciki ita ce ba ma buƙatar fitilu ko kaɗan, janareta zai ɗauki kayan sauti kawai, kuma iyaye za su fi sakin jiki su bar 'ya'yansu. An raba lokacin haka: jawabi minti 5, gaɗar 'yan mata 10, kalangu da takkai 20, ɗan kama 15, wasan kwaikwayo 40, kiɗan ƙwarya 15. Babu ko minti ɗaya na rara, kuma wasan kwaikwayon a yanzu ya haura awa guda.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Hedimasta ya amince, an rubuta masa takarda, an kuma kai wata ofishin 'yan sanda na yanki don sanarwa. An sake buga fosta a kan naira 15,000. An yi karo-karo na biyu, ya tashi 60,000.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Biyu daga cikin matan ƙungiya sun bi gidajen 'yan matan da za su yi gaɗa suna neman iznin iyaye. Daga cikin goma sha biyu, an bar tara, bisa sharaɗin yayyensu mata za su raka su gwaji kuma ba za a ɗauke su a waya a watsa ba. Sharaɗin na biyu ba mu da ikon tabbatar da shi a kan mutum ɗari uku, iyakarmu mai gabatarwa ya roƙi jama'a, kuma haka aka faɗa wa iyayen ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Abin mamaki shi ne yaran ba su san waƙoƙin gaɗa sosai ba, sai da aka nemo wata gwaggo a unguwar ta zauna ta koya musu baitoci da yadda ake tafi, da yadda mai faɗawa take sakin jiki ta baya sauran su tare ta su cilla. A gwajin farko ba wadda ta yarda ta saki jikinta, kowa tana waiwaye.

Masu kiɗan ƙwarya ba su ba mu wahala ba. Shugabarsu ta ce sun saba da gidan suna da gidan biki, ta karɓi naira 30,000 da faifai irin na masu kalangu, ta kuma nemi a tanadar musu babban baho da ruwa inda za a kifa ƙwaryar da ke ba da amon ƙasa. Ta ce waƙarsu a kan sana'ar mata za ta kasance, irin layin da marigayiya Barmani Choge ta shahara da shi, amma baitocin nasu ne.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Ɗan kama ya zo ya gwada mana abin da zai yi, kuma an yi dariya har wasu suka zauna a ƙasa. Sana'ar 'yan kama ita ce su ɗauki muryar fitaccen mawaƙi ko salon mai wa'azi su juya zancen gaba ɗaya ya koma kan tuwo da miya da nama, kuma wannan mutum ya iya, har da rawani da tasbaha da buɗe littafin da ba komai a cikinsa. Sai dai a nan ne gardama ta tashi bayan ya tafi. Wasu suka ce kwaikwayon salon wa'azi, ko da a kan abinci ne, ba abin da za a yi a filin da liman ya sa baki aka ba mu ba ne, musamman a zamanin da ake yanko minti ɗaya na bidiyo a watsa ba tare da abin da ya gabace shi ba. Wasu suka ce idan aka cire wannan an cire kamancin, an bar wani abu dabam.

Na goyi bayan a cire, ba don ina ganin laifi a cikin abin da ya yi ba, sai don mutum goma sha huɗu ba za su iya ɗaukar rigimar da za ta iya biyowa ba. Da aka kira shi aka faɗa masa, bai yi fushi ba, ya ce ya saba, a wasu garuruwan ma shi da kansa yake barin wannan ɓangare. Zai cike gurbin da kwaikwayon mawaƙa da kuma wasan da ke tsakanin Zazzagawa da Kanawa, wanda tsohon taubasantaka ne da kowa ya san iyakarsa. Ya ce a tabbatar an sami Bakano ko ɗaya a layin gaba, in ba haka ba tsokanar ba ta da inda za ta sauka. Kuɗinsa naira 25,000.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Hunturu ya sauko sosai tun farkon mako. A gwajin haɗa takkai da kiɗa na yau, tantanin babban kalangun Baba ya fashe ana tsakiyar kiɗa. Ya ce busasshiyar iska ce take ɗame fatar fiye da kima, idan aka matse tsarkiya a hammata don a ɗaga murya sai ta tsage, kamar yadda da damina take saki har sai an gasa ta a rana. Gyaran zai ɗauki kwanaki, domin sai an nemo fatar ɗan akuya an jiƙa an kankare an ɗaura an bar ta ta sha iska a inuwa. Tunda a wajen aikinmu abin ya faru, ƙungiya ta ɗauki naira 9,000 na gyara, kuma an roƙe shi ya zo da kalangu biyu ranar wasa.

Sanyin ya taɓa muryoyi ma. Wadda take fitowa a matsayin matar manomi muryarta ta dishe, an ba ta hutun magana, ana haɗa mata citta da zuma. An ɗauki matakin yayyafa wa filin ruwa kafin kowane gwaji, saboda ƙurar da ƙafafun masu takkai ke tayarwa kai tsaye take shiga maƙogwaron masu magana.

Lahadi, 30 ga Nuwamba

Wanda yake riƙe da matsayin manomi, wato jigon wasan, ya sanar da mu cewa zai bi motar kayan gwari zuwa Legas ranar Talata, kuma ba zai dawo ba sai bayan sabuwar shekara. Aiki ne da ya daɗe yana nema, babu wanda ya ce masa kada ya tafi. Amma a nan illar rashin rubutaccen wasa ta bayyana, domin maganganun manomi duk a kansa suke, takardarmu ba ta da komai sai farkon fitowa da ƙarshenta. Mun zaunar da shi daga azahar zuwa magariba yana yin fitowarsa ɗaya bayan ɗaya ana naɗar muryarsa a waya, sakatare yana rubuta abin da ya fi daɗi.

An mayar da mai matsayin ɗan kasuwa ya zama manomi, saboda shi ya fi kowa jin maganganun, an kuma ɗauko ɗaya daga cikin masu takkai ya zama ɗan kasuwa. An yi amfani da wannan dama aka yanke fitowa biyu, ta zance a majalisa da ta zuwa wajen boka, waɗanda suke ba da dariya amma ba sa matsar da labarin. Wanda ya ƙirƙiro fitowar bokan bai ji daɗi ba, an yi masa alƙawarin za a ajiye ta don wasan tashe idan azumi ya zo a watan Fabrairu.

Laraba, 3 ga Disamba

Kafinta ya gama dandamali na katako mai tsawon ƙafa 16 da faɗin 12, wanda ake harhaɗawa a kwance, kuɗin katako da aiki 52,000. Sutura da kayan wasa, yawanci daga gwanjo, da buhunan da aka cika da ƙaiƙayi a madadin masara, sun ci 31,000. An fara sayar da tikitin kujera a kan naira 500.

Asabar, 6 ga Disamba

Yau aka yi cikakken gwaji a filin makarantar, da kayan sauti da kowa da kowa in ban da masu ƙwarya. An fara 4:15 daidai domin a ga gaskiyar lokacin, kuma aka kira magariba ana tsakiyar fitowa ta ƙarshe ta wasan kwaikwayo, wato mun zarce da kusan minti 25 idan aka lissafa da ƙwaryar da ba a yi ba. Ba a cikin wasannin lokacin ya fi zubewa ba, a tsakaninsu ne: shigo da buhuna, fitar da benci, jiran masu takkai su ɗaura ɗamara, neman makirfo da wani ya ajiye a inda bai kamata ba. An naɗa mutum biyu da ba su da wani aiki sai kula da shiga da fitar kaya, an kuma tsara cewa ɗan kama zai yi nasa a ƙasa gaban dandamali yayin da ake jera kayan wasan kwaikwayo a bayansa.

Kayan sautin sun zo da makirfo biyu na hannu da biyu na tsaye. Na hannun ba su dace da wasan kwaikwayo ba, domin manomi ba zai riƙe fartanya da hannu ɗaya da makirfo da ɗaya ba, kuma miƙa wa juna shi yana kashe faɗa tun bai tashi ba. An gwada kafa na tsayen a gaban dandamali, suka ɗauki magana daidai gwargwado, amma da aka ƙara sauti sai lasifika ta fara ƙara mai huda kunne saboda an ajiye ta a bayan makirfo. Da aka dawo da lasifikokin gaba aka juya su ga 'yan kallo, ƙarar ta ɗauke. Janareta kuma sai da aka kai shi bayan ajujuwa da doguwar waya kafin a daina jin rurinsa. Kalangu ba ya buƙatar makirfo ko kaɗan, mai amshi ne kawai za a ba.

Abin da ya faranta mini rai shi ne atisayen Malam ya yi aiki. Na tsaya a jikin katanga ta ƙarshe lokacin da wuta ta ɗauke na ɗan lokaci, kuma na ji maganar matar manomi da ta dillali sarai. Sabon manomin ne har yanzu yake haɗiye ƙarshen jimla.

Ƙarshen wasan bai zauna ba tukuna. A yadda yake yanzu mai unguwan cikin wasa yana yanke hukunci a raba asara biyu, kowa ya yi murna, kuma dattawan da suka leƙo kallon gwajin sun ce ba haka ake yi ba, ɗan kasuwa ba ya yafe ko tiya. Malam ya ba da shawarar a tsayar da wasan kafin hukunci a tambayi jama'a, yadda ake yi a wasannin ƙauye na jami'a, amma hakan yana buƙatar lokacin da ba mu da shi.

Laraba, 10 ga Disamba

Ma'aji ya gabatar da lissafi. Abin da ya shigo: karo-karo biyu 205,000, gudummawar 'yan kasuwar unguwa 85,000, tikitin kujera 94 da aka sayar 47,000, jimla naira 337,000. Abin da aka kashe da wanda aka yi alƙawari, idan aka haɗa da kayan sauti da janareta 90,000, fetur 14,000, kujeru 150 a kan 30,000, rumfa biyu 24,000, 'yan sintiri 15,000, da kuɗin mota da ruwan sha na gwaji 22,000, ya kai naira 419,000. Giɓin 82,000 ne. Kujeru 56 da suka rage za su kawo 28,000 idan duk suka shiga, sauran 54,000 kuma sai mutum 270 sun biya naira 200 ta zaman tabarma, abin da ban yi tsammani ba tunda an amince yara ƙanana za su shiga kyauta. An yanke shawarar a bar rumfa ɗaya ta ɓangaren mata da dattawa, a rage 12,000, sakatare kuma zai je wajen masu sayar da taki da irin shuka a Samaru ya ji ko akwai mai son a ambaci shagonsa, ko da yake sai an fara gaya musu abin da wasan yake cewa a kan bashin taki.

Game da ƙarshen wasan, an amince a gwada tsayar da shi kafin hukunci, a ba mutum biyu kawai daga cikin jama'a dama, manomi ɗaya da ɗan kasuwa ɗaya, minti biyu-biyu, a cire lokacin daga jawabin buɗewa. Za a gwada wannan ranar Asabar 13 ga wata tare da masu ƙwarya. Ranar Laraba 17 za a kai wa Baba sunayen baƙi, mai shela zai zaga Bomo da Samaru ranar Alhamis, a kafa dandamali ranar Juma'a da yamma, a karɓo kujeru da tabarmi da safiyar Asabar.